Yadda na bi diddigin tarihin Radio Veritas a Manila

A shekarata ta biyu ina karatun aikin jarida a Manila, babban birnin ƙasar Filifin, malamar da ke koya mana tarihin kafafen watsa labarai ta ba mu wani aiki da ta ce shi zai ci rabin makin kwas ɗin. Kowa ya zaɓi tashar rediyo ɗaya, ya bi diddigin tarihinta, ya haɗa shiri na rabin awa da za a kunna a aji a saurara. Ba ta son takarda. Ta kuma gindaya sharaɗi cewa duk kwanan watan da za ka faɗa sai ka same shi a wurare biyu da ba su kwafi juna ba, sannan dole a ji muryar mutanen da suka saurari tashar da kunnuwansu a zamanin da kake ba da labari.

Yawancin 'yan ajinmu tasoshin FM masu kiɗa suka yi wa rubdugu. Ni kuwa na rubuta DZRV, wadda aka fi sani da Radio Veritas, tashar Cocin Katolika da ke kan kilohaz 846 a matsakaicin zango, wato AM. Wani abokina ya tambaye ni me ya haɗa Musulmi ɗan Najeriya da rediyon limaman coci. Na ce masa na tashi a gidan da ba a karya kumallo sai rediyon Baba na magana, na san nauyin da murya ke da shi a wajen waɗanda suka saba da ita. Tunda aka ce mini akwai tashar da ta yi kira a dare ɗaya mutane suka cika titi har shugaban ƙasa ya bar gari, ba zan koma gida ban gane yadda aka yi ba.

Malamar ta ce kada wanda ya buɗe littafi sai ya fara zama da tasharsa ya saurare ta. Wayar hannu ba ta kama AM, don haka bayan sallar Juma'a a masallacin Quiapo na zarce Raon, layin masu sayar da kayan lantarki, na sayi ƙaramar rediyo mai batir biyu. Da na koma ɗaki na murɗa, hannuna da kansa ya nufi 594, inda muke kama Rediyon Kaduna a gida. A Manila wata tashar labarai ce a wurin, DZBB, ana ta zuba Tagalog, harshen mutanen Manila. Na ci gaba da murɗawa a hankali har na isa 846. Daga baya na gane cewa ba dace ba ne lambobin suka zo iri ɗaya: a Afirka da Turai da Asiya tazarar kilohaz 9 ake bari tsakanin tasha da tasha, shi ya sa 594 da 846 duk suke rabuwa da tara ba saura. Filifin ta koma wannan tsari a 1978.

Sauraron AM a cikin birni sai da dabara. Cajar waya na jone sai ƙara ta rufe murya, ƙwan lantarki ma haka. Na koyi cire komai daga soket, in ɗora rediyon a bakin taga, in riƙa juya jikinta kaɗan-kaɗan, saboda eriyar tana kwance ne a ciki, kuma akwai fuskar da ta fi kamawa. Da dare muryoyin wasu ƙasashe na kutsowa ta gefen tashar, su zo su wuce.

Abin da na ji a makonnin farko bai yi kama da tashar da ta girgiza gwamnati ba. Sujadar Mas ce kai tsaye daga coci, da addu'ar rosari da ake maimaitawa, da labarai, da limamai na amsa tambayoyin masu kira a waya, da sanarwar inda za a kai taimako idan guguwa ta yi ɓarna. Na riƙa rubuta lokacin kowane shiri a littafi, wata 'yar ajinmu na fassara mini abin da ya shige mini duhu. A lokacin na ɗauka wannan share fage ne kawai. Sai da na gama aikin na ga cewa rabin amsar da nake nema tana cikin wannan littafin.

A laburare abu na farko da ya nemi rikita ni shi ne Veritas biyu ce. Akwai ta cikin gida da ke kan AM, mai magana da mutanen Manila da kewaye, akwai kuma Radio Veritas Asia da ta riƙa watsa shirye-shirye a gajeren zango cikin harsunan Asiya da dama. Tushensu ɗaya. A 1958 bishop-bishop na yankin suka yi taro a Manila, suka yanke shawarar kafa rediyon da zai isa ga mabiyansu, musamman a ƙasashen da gwamnatocin gurguzu suka rufe wa Coci ƙofa, irin su Sin. Da taimakon kuɗi daga Jamus aka gina tashar a Fairview, cikin Quezon City, aka buɗe ta ranar 11 ga Afrilu 1969, zamanin Kadinal Rufino Santos. Paparoma Paul na Shida ya yi wa al'ummar Asiya jawabi daga can a Nuwamba 1970, John Paul na Biyu ma ya yi a Fabrairu 1981. Ɓangaren gajeren zango ya daina fita ta iska a 2018, ya koma intanet. Na sayi babban kwali na manna a bango, na raba shi gida biyu, duk abin da na tsinta sai in tambayi kaina wace Veritas ake nufi kafin in rubuta.

Idan ka dubi manufar waɗanda suka kafa ta, babu siyasar Filifin a ciki. Idonsu yana ƙetaren teku. Abin da ya juyo da tashar gida shi ne shugaban ƙasa Ferdinand Marcos. A Satumba 1972 ya kafa dokar soja, aka rufe jaridu da gidajen rediyo da talabijin, ciki har da ABS-CBN, aka kama 'yan jarida da 'yan adawa. Kafafen da suka buɗe daga baya, mafi yawansu na hannun mutanensa ne. Ko da aka ce an ɗage dokar a Janairu 1981, gab da zuwan Paparoma, bakin 'yan jarida bai buɗe ba.

Ranar 21 ga Agusta 1983 aka harbe jagoran 'yan adawa Benigno Aquino, wanda ake kira Ninoy, a filin jirgin saman Manila, yana saukowa daga jirgin da ya dawo da shi daga zaman gudun hijira a Amurka. Ranar 31 ga wata aka ɗauki gawarsa daga cocin Santo Domingo zuwa maƙabarta a Parañaque, tafiyar da ta ci sama da awa goma saboda yawan jama'a. Radio Veritas ce ta bi jana'izar kai tsaye. Wata jarida mai goyon bayan gwamnati kuwa washegari babban labarinta shi ne tsawar da ta kashe mutum ɗaya a filin Luneta. Na daɗe ina kallon wannan a kan kwalina. Mutumin da ya tsaya cikin ruwan sama a wannan taro, ya koma gida ya ga abin da jarida ta buga, ya kuma tuna abin da rediyo ta faɗa, ba ya bukatar kowa ya gaya masa wa zai yarda da shi nan gaba.

Na karɓi takardar gabatarwa daga sashenmu na kai ofishin tashar da ke West Avenue, kusa da babban titin EDSA. Sun karɓe ni hannu bibbiyu, suka bar ni na zauna bayan gilashi ina kallon shiri yana fita. Amma yawancin ma'aikatan matasa ne, tarihin 1986 a wajensu abu ne da aka ba su labari. Masu sauraron wancan zamani sai na bi ta unguwa.

'Yar ajinmu ce ta kai ni wajen kakarta a Cubao. Tun a hanya ta koya mini in kira tsohuwar Lola, wato kaka, in riƙa saka "po" a magana don girmamawa. Tsohuwar ta riga ta tambayi abin da ba na ci, ta soya kifi ta dafa shinkafa, ta ce ba za a kunna rakoda ba sai na ci. Na karanta mata takardar izini, jikarta ta fassara, ta sa hannu bisa sharaɗin kada in faɗi sunanta. Na ajiye rakoda a kan tawul don kada ƙarar tebur ta shiga, muka kashe fanka, zafi ya taso mana, ita ko a jikinta.

Na ce, "Lola, ina kike a daren Asabar ɗin nan?"

Ta ce, "A nan, ɗana. Ga inda rediyon take." Ta nuna saman firji.

Ban bar ta ta fara daga daren ba, na mayar da ita baya kaɗan don mai sauraro ya gane. An yi zaɓen gaggawa ranar 7 ga Fabrairu 1986 tsakanin Marcos da Corazon Aquino, matar marigayi Ninoy. Ranar 9 ga wata ma'aikatan kwamfuta na hukumar zaɓe suka fice daga zauren ƙirga ƙuri'a saboda alƙaluman da ake nunawa sun saɓa da waɗanda ke hannunsu. Bishop-bishop suka fitar da sanarwa suna cewa an tafka maguɗi. Ranar 15 majalisa ta ce Marcos ya ci. Da yammacin Asabar 22 ga wata ministan tsaro Juan Ponce Enrile da mataimakin babban hafsan sojoji Fidel Ramos suka kira 'yan jarida a barikin Aguinaldo suka ce sun janye biyayya. Sojojin da ke tare da su 'yan ɗaruruwa ne, da Marcos ya turo runduna a daren da an gama da su. Wajen ƙarfe tara Kadinal Jaime Sin, babban bishop na Manila, ya yi magana ta Radio Veritas, ya roƙi jama'a su je su kewaye barikin, su kai abinci.

Lola ta ce mijinta ya hana ta fita. A ganinsa Enrile shi ne ya riƙe wa Marcos dokar soja shekara da shekaru, don me za a je a mutu saboda shi? Ita ma ta ce ba ta son Enrile. Na tambaye ta to me ya fitar da ita.

Ta ce, "Muryar da nake yin addu'a tare da ita kullum ce ta kira ni. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Da a wata tasha na ji, da na ce tarko ne."

Ta dafa shinkafa tukunya guda, ta ƙulle a ganyen ayaba, ita da maƙwabciyarta suka taka da ƙafa zuwa bakin bariki. Mijin ya biyo su da asuba, rediyon na hannunsa.

Sauran dattawan da na zanta da su, wani tsohon direban jifni, wato motar haya ta can, wata malamar makaranta mai ritaya, wata sistar coci, kowa da irin labarinsa, amma a kan wannan gaɓa bakinsu ɗaya. Babu wanda ya ce jawabin Kadinal ne ya burge shi. Sun ce sun san tashar. Ni a nawa ganin amanar nan kamar adashi ce: shekara goma sha bakwai tashar tana zubi kaɗan-kaɗan, da sujadar asuba, da sanarwar ambaliya, da jana'izar 1983, sai a daren nan kwasarta ta zo.

An adana sautin waɗannan kwanaki huɗu a kaset, sama da awa 60, daga Veritas da wasu tasoshi, kuma a 2003 hukumar UNESCO ta saka shi cikin kundinta na abubuwan tarihin duniya da ya kamata a kiyaye. Na saurari abin da na iya samu daga ciki da abin saurare a kunne, ina tsayarwa ina rubutawa. Kiran Kadinal Sin gajere ne ƙwarai. Ba ihu, ba dogon wa'azi. Ya kira Enrile da Ramos abokanmu biyu, ya ce zai ji daɗi idan mutane suka fito. Bayansa sai tashar ta zama wajen aike: ana bukatar mutane a ƙofa kaza, an ga motocin soja sun taso daga wuri kaza, wane yana neman ɗansa. Agapito Aquino, ƙanen Ninoy, ta nan ya ce a haɗu da shi a Cubao a tafi tare. Masu kira suna haki, ana jin tsoro a muryarsu. Sojojin da suka ɓalle ma ta rediyon suke roƙon abokan aikinsu na ɗaya ɓangaren kada su yi harbi.

A nan na ci karo da ƙulli mafi wuya a aikin. Dattawan duk sun ce Veritas suka saurara tun daga Asabar har Talata. Takardu kuwa sun nuna ba haka ba ne. Da asubahin Lahadi 23 ga wata sojoji masu biyayya ga Marcos suka farfasa babbar na'urar watsa shirye-shiryen tashar mai ƙarfin kilowat 50 a garin Malolos, arewa da Manila. Aka koma kan ƙaramar na'ura ta ko-ta-kwana, wadda ba ta kai nisa, ita ma wajen tsakar dare ta mutu. Daga nan Fada James Reuter, wani limamin Jesuit ɗan asalin Amurka, ya tura June Keithley, mai gabatar da shirye-shirye da ta kwana tana magana a Veritas, zuwa DZRJ, wata tashar kiɗa da ke kan 810, a saman wani bene a Santa Mesa, ba nisa da fadar shugaban ƙasa. Ba ta faɗi inda take ba. Aka kira tashar Radyo Bandido. Wasu yara biyu 'yan gida ɗaya ne ke taya ta amsa waya, sistoci suka zauna a kan matakalar benen suna addu'a don tare duk wanda zai hau.

Na koma wajen Lola da wannan bayani. Ta saurare ni tsaf, ta ce ta tuna daren da rediyon ta yi shiru, mutane a titi suka ruɗe, kowa na murɗa tasa. Sai wani ya ɗaga murya ya ce ya same ta, ya ɗaga rediyonsa sama, aka ji muryar matar nan. Ta ce, "To ai ita ce. Gida ta canza." Ban yi mata gardama ba, kuma ban gyara maganarta a shirin ba. Na bar ta ta faɗi nata, sannan na shigo da muryata na faɗi abin da ya faru da na'urorin. Duka biyun gaskiya ne, kuma mai sauraro ya cancanci ya ji su gefe da gefe.

Na kuma saka abin da wasu suka so in tsallake. Da safiyar Litinin 24 ga wata Radyo Bandido ta sanar cewa Marcos ya gudu, jama'a suka ɓarke da murna, sai ga shi a talabijin yana zaune a fadarsa. Labarin bai tabbata ba aka sake shi. Sai daren Talata 25 ga wata, bayan an rantsar da Corazon Aquino a matsayin shugabar ƙasa, jiragen Amurka masu saukar ungulu suka ɗauke shi zuwa sansanin Clark, daga can aka wuce da shi Hawaii, inda ya rasu a 1989. Tarihin tasha ba waƙar yabo ba ne, inda aka yi tuntuɓe ma a faɗa.

Tambayar da ta riƙa damuna ita ce me ya sa sojojin suka tafi har Malolos, kimanin kilomita 45 arewa da Manila, maimakon su je ɗakin watsa shirye-shirye su kama masu magana. Malamar ta haɗa ni da wani tsohon injiniyan rediyo da ya yi aiki a wata tashar daban, muka hau bas zuwa lardin Bulacan. Da muka fita daga birni sai gonakin shinkafa da tafkunan kiwon kifi, ga dogayen turakun ƙarfe masu ja da fari tsaye a tsakiyar fadama. Ya ce in lura babu faranti ko wani abu a samansu, domin a AM turken gaba ɗayansa shi ne eriya. A ƙarƙashinsa an binne wayoyin tagulla sun bazu ta kowace fuska. Da rana sigina bin ƙasa take yi, kuma ƙasa mai laima da gishiri ta fi ɗaukarta nesa, shi ya sa tasoshin Manila da yawa suka kafa turakunsu a wannan yanki na bakin ruwa. Da dare kuma wani rufin iska can sama yana maido da siginar ƙasa, ta sauka a wurare masu nisan gaske.

Na ce masa, "To batun harin fa?"

Ya ce idan ka shiga sutudiyo da bindiga, makirfo a buɗe yake, duk gari zai ji. A nan kuwa daga mai gadi sai injiniyan dare. Ka fasa na'ura, masu magana su yi ta magana babu mai jinsu. Na ɗauki sautin wurin na wasu mintoci, kwaɗi da iska da ƙugin taransifoma, shi na shimfiɗa a ƙarƙashin ɓangaren harin.

Akwai muryar da ba ta cikin tsarina tun farko, amma na ga shirin bai cika ba sai da ita. A masallacin Quiapo, wanda aka gina a 1976 lokacin da ake sa ran ziyarar Gaddafi, na saba da wani dattijo Musulmi ɗan kudancin ƙasar, mai sayar da yadi. Da ya ji abin da nake yi, sai ya ce in zauna. Ya ce su a kudu ba a 1983 suka fara sanin Marcos ba. Ya ambaci kisan matasan Musulmi masu horon soja a tsibirin Corregidor a 1968, wanda ake kira Jabidah, da ƙonewar garin Jolo a 1974. Ya ce lokacin da ake binne nasu, babu tashar Manila da ta bi gawa awa goma. Bai faɗi haka da ƙiyayya ba, har ya ce ya ji daɗin faɗuwar Marcos, kuma yana girmama sistocin da suka durƙusa gaban tankokin yaƙi a Ortigas. Maganarsa ta tsaya mini a rai. Tashar gari tana da iyaka, ba ta turke kaɗai ba, har da ta waɗanda take ɗauka a matsayin mutanenta. Na ba shi minti biyu a shirin, da izininsa, ban yi sharhi a kai ba.

Haɗa shirin ya fi komai cin lokaci. Na zuba sautukan a kwamfuta, na rubuta kowace hira kalma bayan kalma tare da mai fassara, na ja layi a ƙarƙashin abin da zan ɗauka. Inda aka yi Tagalog sai in bar muryar mai magana ta fara fita ita kaɗai na ɗan lokaci, sannan in rage ta, muryar fassara ta hau kai. Shirin farko ya kusa awa ɗaya. Malamar ta saurara ta ce na cika shi da tankoki da janar-janar, alhali tarihin tasha aka ce in yi, ba tarihin juyin juya hali ba. Na koma na rage kwanaki huɗun, na faɗaɗa shekarun da suka gabace su, na buɗe shirin da sautin addu'ar asuba da na ɗauka daga ƙaramar rediyona, da ƙarar AM ɗin da komai. Lambar yabo ta Ramon Magsaysay da tashar ta samu a 1986 jimla ɗaya na ba ta.

Ranar da aka kunna shi a aji, ana gamawa wani ɗalibi ya ɗaga hannu. Iyayensa 'yan arewacin ƙasar ne, yankin su Marcos, kuma a zaɓen 2022 ɗan Marcos suka zaɓa, wanda ya ci da gagarumin rinjaye. Ya ce a gidansu ana kallon Veritas a matsayin tashar da ta shiga siyasa da rigar addini, kuma shirina ya fi karkata ga masu sonta. Na ce masa gaskiya ne ta ɗauki ɓangare a 1986, ban ɓoye ba, amma ya nuna mini kwanan wata ko aukuwa ɗaya da na faɗa wadda ba haka take ba. Ya ce ba a nan matsalar take ba, matsalar ita ce ban zanta da ko mutum ɗaya da ya kashe rediyonsa a daren ba. Wata kuma ta tuna wa ajin cewa a 2020 an rufe ABS-CBN tare da tasharta ta AM, DZMM, kuma titi bai cika ba. Aka yi ta muhawara har lokaci ya ƙare.

Malamar ta nemi in miƙa wa laburaren sashen cikakkun hirarrakin, ba waɗanda na yanka kaɗai ba, tare da rubutunsu da takardun izini, saboda masu irin wannan shaida suna ta raguwa. Ɗalibin nan kuma ya ce kakansa zai zo Manila ganin likita, in ina so zai haɗa mu. Na ce ina so, na kuma roƙe shi ya zo ya yi mana fassara, domin tsohon harshen Ilokano na arewa yake ji, ba Tagalog ba.